Tarihin Kwalba: Yadda Barasa Mai Ƙarfi Ta Shigo Ƙasar Nan, Da Yadda Take Ɓuya A Cikin Kofi Yau



A zamanmu na watan jiya wani dattijo cikinmu ya kawo wata magana da ta sa zauren ya yi tsit. Ya ce an gayyaci ɗansa bikin wani abokin karatunsa, aka miƙa masa wani jan lemo mai ƙanƙara da yankakken kokwamba a ciki, ya sha kofi biyu. Sai da ya dawo gida wani ya ce masa ai irin wannan lemon ana ɗiga masa barasa. Yaron bai yi barci ba a daren nan. Dattijon ya tambaye mu gaskiyar lamarin, aka yi ta duban juna, babu wanda ya iya ba shi amsa cikakkiya. Shi ya sa shugabanni suka ɗora mana nauyin mu bincika mu rubuto.

Mun san wasu za su ce me ya haɗa mu da zancen barasa. Amsar ita ce muna zaune a garin da ake sayar da ita a kowace tasha, 'ya'yanmu suna karatu da aiki tare da masu sha, wasu ma a otal-otal da wuraren biki suke neman abincinsu. Wanda bai san kamannin maciji ba, shi ne ke ɗaukarsa a matsayin igiya.

GIYA DABAN, BARASA MAI ƘARFI DABAN

Giyar da kakanni suka sani a wannan yanki, irin su burkutu da fito a Arewa da bammi a Kudu, duk tsima su ake yi. A jiƙa hatsi ko a tari ruwan itace, a bar shi ya kwana, zaƙin cikinsa ya juye ya zama abin sa maye. Irin wannan ƙarfinsa yana da iyaka. Giyar kwalba takan tsaya wajen kashi 5 cikin 100, ta inabi kuwa wajen kashi 12.

Barasa mai ƙarfi ana ƙara mata mataki guda. Sinadarin da ke sa maye yana tafasa a ma'aunin zafi 78, ruwa kuwa sai 100. Don haka idan aka ɗora tsimammen abu a wuta, tururin sinadarin ne ke fara tashi. Sai a bi da shi ta bututu mai sanyi, ya koma ruwa, a tara. Abin da ake zubawa a kwalba daga nan yakan kai kashi 40 cikin 100. Wato ƙaramin kofi guda nasa ya yi daidai da babban kofi na giya.

Abin mamaki, sunan da Turawa ke kiran wannan sinadari, wato alkohol, daga Larabci ya fito, daga kalmar al-kuhl, wadda ita ce kwallin da iyayenmu mata ke sawa a ido. Da farko Turawa suna nufin duk wani gari mai laushi da wannan kalma, daga baya suka mayar da ita kan duk abin da aka tace aka fitar da ainihinsa. Tukunyar tururin ma sunanta na Turai daga al-anbiƙ na Larabawa aka aro shi. Masanan Musulmi irin su Al-Kindi na Bagadaza sun yi aiki da ita wajen fitar da ruwan wardi da turare. A Turai ne, ƙarnoni bayan haka, aka mayar da fasahar babbar sana'ar abin sha.

MANYAN IRE-IRENTA

Guda shida ne suka fi yaɗuwa a duniya, kuma abin da aka tsima tun farko shi ke bambanta su.

Wiski daga hatsi ake yin sa, musamman sha'ir. Gidansa Sikotlan da Ayalan, kuma akwai rubutaccen bayaninsa a Sikotlan tun 1494. Dokarsu ta ce sai ya yi aƙalla shekara uku a cikin gangar katako, daga nan yake samun launin ruwan zuma. Na Amurka da ake kira bobon, masara ce ta fi yawa a cikinsa.

Barandi giyar inabi ce aka sake dafawa. Wanda ya fi suna daga yankin Cognac na Faransa yake fitowa.

Bodka ta Rasha da Folan ce, daga hatsi ko dankalin Turawa. Fara ce tas kamar ruwa, ba ta da wani ɗanɗano ko ƙamshi mai yawa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Tekila ta Meziko ce, daga wani tsiro mai kauri da ƙaya da ake kira agabe, wanda ake nomawa a jihar Jalisco.

Saura biyu, ram da jin. Waɗannan su ne tarihinsu ya ratsa ta ƙofar gidanmu.

RAM DA CINIKIN BAYI

Ram daga rake ake yin sa. A cikin shekarun 1600 Turawa suka cika tsibiran Karebiyan, irin su Babados da Jamaika, da gonakin rake, bayi daga Afirka ke noma su. Idan aka fitar da sukari, akwai wani baƙin ruwa mai kauri da ke saura. Shi aka gano ana iya tsimawa a dafa ya zama barasa. Daga nan aka shiga wani zagaye na rashin imani: bawa ya noma rake, a yi ram da ragowar raken, a loda ram a jirgi a kawo gaɓar Afirka ta Yamma, a sayi wani bawan da shi.

A wannan gaɓa tamu, daga Wida zuwa Badagiri da Ikko, fataken Burazil ne suka fi ƙarfi. Suna zuwa da taba da irin tasu barasar rake da suke kira kashasa. A farkon shekarun 1800, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi da rushewar daular Oyo, an kamo Hausawa da yawa an gangaro da su nan, aka tsallaka da su zuwa Bahiya a Burazil. Tarihin can ya adana labarinsu. A 1807 an bankaɗo shirin tawaye da bayi Hausawa suka kitsa a birnin Salbado, kuma a babban tawayen Musulmi na 1835, wanda Yarbawa suka fi yawa a ciki, akwai Hausawa. An samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Duk wanda ya taɓa zuwa Badagiri ya ga hanyar da ake bi da bayi zuwa bakin teku, to ya sani cewa cikin kuɗin da aka biya a kan wasu 'yan uwanmu akwai gangar barasa.

LOKACIN DA JIN YA ZAMA KUƊI

Jin asalinsa daga Holan ne. Barasar hatsi ce da ake ƙamsasa ta da 'ya'yan wani itace mai suna junifa. Ya shiga Ingila sosai bayan 1688, lokacin da Wiliyam, ɗan Holan, ya hau sarautar ƙasar. Cikin shekaru kaɗan talakawan Landan suka afka masa har abin ya zama annoba, sai da majalisarsu ta yi ta kafa dokoki, ciki har da ta 1751, kafin ƙurar ta lafa. Ke nan sun ɗanɗana illarsa a gida shekaru fiye da ɗari kafin su cika jiragensu da shi zuwa nan.

Da aka hana cinikin bayi, sai ciniki ya koma kan manja da ƙwarar kwakwa. Abin da aka fi biyan mutanen Kudu da shi kuwa shi ne jin mai araha daga Holan da tashar Hambog ta Jamus, a cikin korayen kwalabe masu kusurwa huɗu. A yankin Neja Dalta abin ya kai jin ya zama kuɗi. Akwatin jin zai yi ta yawo daga hannu zuwa hannu shekara da shekaru ba a buɗe shi ba, a biya sadaki da shi, a biya tara da shi, a ajiye shi a matsayin dukiya. Idan kuka ga maƙwabtanmu Yarbawa da Ibo suna sa kwalbar shinaf cikin kayan neman aure, ko suna zuba ta a ƙasa wajen bukukuwan gargajiya, to daga wannan zamani al'adar ta kafu.

Gwamnatin mulkin mallaka ta ga hanyar kuɗi, ta ɗora harajin fito a kan kowane galan. Kafin yaƙin duniya na farko, a wasu shekarun wajen rabin kuɗin shigar gwamnatin Kudancin Nijeriya daga wannan haraji yake fitowa. Limaman Kirista sun yi ta ƙorafi, kuma wanda ya fi ɗaga murya shi ne Bishop Herbert Tugwell. Shi ne dai wanda ya jagoranci 'yan mishan zuwa Kano a 1900 tare da Dakta Miller, Sarkin Kano Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Matsin lambarsu ya sa aka kafa kwamitin bincike a 1909 ƙarƙashin Sir Mackenzie Chalmers. Kwamitin ya saurari shaidu, ya ce bai ga wata ɓarna da ta kai a hana cinikin ba. Ba a yi mamaki ba, don mai cin ladan kuturu ba ya ƙin yi masa aski.

LAYIN DA AKA JA TSAKANIN AREWA DA KUDU

A Arewa labarin ya sha bamban. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Brussels, wadda ta ce a hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba ta riga ta kafu ba, ko saboda addini ko wani dalili. Ƙasar da ke ƙarƙashin daular Sakkwato da Borno ta faɗa cikin wannan rukuni. Da Lugard ya karɓi Arewa a 1900, ya tabbatar da hanin: ba a sayar wa ɗan ƙasa barasar waje. Su Turawa dai sun keɓe kansu, suna da izinin shigo da nasu. Dokar barasa ta 1917 ta raba Nijeriya kashi uku: inda aka hana, inda aka taƙaita, da inda ake sayarwa da lasin.

Akwai abu biyu da ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya a kansu. Na farko, hanin bai hana fasa-ƙwauri ba. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kuma aka haɗa layin da Ikko, sai kwalba ta sami hanyar hawa Arewa a ɓoye cikin kaya. Na biyu, gwamnatin Arewa a lokacin ba ta iya ɗaukar nauyin kanta, ana cike giɓinta da tallafi daga Ingila da kuma gudummawa daga Kudu. Wannan na cikin dalilan haɗe ƙasar a 1914. Tunda kuwa harajin jin ne ƙashin bayan baitulmalin Kudu, to kuɗin kwalbar da aka hana shiga Arewa ya shiga Arewa ta ƙofar ofis.

Mun kawo wannan ne saboda gorin da ake mana. A 2021, lokacin da Jihar Ribas ke shari'a da Gwamnatin Tarayya a kotu kan wa ke da hakkin karɓar harajin VAT, da yawa cikinmu sun sha jin ana cewa kuna fasa kwalabe a Kano amma kuna karɓar kuɗinsu daga Abuja. Muhawarar ta girmi kowa a cikinmu, ta haura shekara ɗari. Wanda ya san asalinta zai amsa da natsuwa, ya tuna wa mai gorin gyaɗa da auduga da fata da kuza da Arewa ta zuba a asusu guda, ba tare da an kai ga zagi ba.

HAIHUWAR OGOGORO

Yaƙin 1914 ya yanke hanyar Jamus. A 1919 wata sabuwar yarjejeniya ta haramta irin waccan barasa mai araha da ake yi musamman don Afirka, haraji kuma ya yi ta hawa. Da tattalin arzikin duniya ya karye a farkon shekarun 1930, jin na waje ya fi ƙarfin talaka. Nan ne mutanen Kudu suka koyi dafa bammi da kansu da ganga da bututu a cikin daji. Abin da ya fito shi ne ogogoro, wanda wasu ke kira kai-kai. A Gana irin wannan ne ya haifi akpeteshie. Turawa suka sa masa suna haramtaccen jin, suka yi ta kame, duk da cewa babban abin da ya dame su shi ne harajin da ke zurarewa.

Haɗarin ogogoro na gaske ne, domin babu mai auna abin da ke cikinsa. A 2015 mutane sun mutu a Ode-Irele ta Jihar Ondo, sannan gommai suka mutu a Jihar Ribas, bayan sun sha wanda ke ɗauke da metanol, gubar da ke makantar da mutum kafin ta kashe shi.

KOKTEL: YADDA AKA KOYA WA ƊACI ƁUYA

Barasa mai kashi 40 tana ƙona maƙogwaro. Don haka tun da wuri aka fara cakuɗa ta da wasu abubuwa, wannan haɗin shi ake kira koktel. Wata jarida a Jihar New York ta bayyana shi a 1806 da cewa barasa ce da sukari da ruwa da ɗan maganin ɗaci. A 1862 wani mai haɗawa, Jerry Thomas, ya fitar da littafin farko a kan sana'ar. Daga 1920 zuwa 1933 Amurka ta haramta barasa gaba ɗaya, aka koma sayar da ta ɓoye maras kyau, sai masu mashaya suka ƙara dogara da ruwan 'ya'yan itace da zuma don rufe warinta.

Ɗaya daga cikin haɗin ma yana da alaƙa da yadda aka ci ƙasarmu. Zazzaɓin cizon sauro ne ya daɗe yana tare Turawa a bakin teku. A 1820 wasu Faransawa biyu suka fitar da kwinin daga ɓawon itacen sinkona. A 1854 Dakta Baikie ya hau Kwara da Binuwai da jirgi yana ba mutanensa kwinin, ya dawo ba wanda ya mutu, abin da ba a saba gani ba. Shi ne daga baya ya zauna a Lakwaja, ya koyi Hausa, har ya je Kano. Kwinin yana da ɗaci ƙwarai, sai Turawan Ingila a Indiya suka riƙa sha da ruwan soda da sukari, suna ƙara jin. Daga nan aka sami jin da tonik, abin shan kulob-kulob ɗin Turawa daga Ikoyi har Kaduna. Shi ruwan tonik kaɗai babu barasa a cikinsa, jin ɗin ne barasar.

Ga sunayen da 'ya'yanmu za su gani a takardar abin sha:

Mojito: ram da na'a-na'a da lemon tsami da sukari da soda. A ido kamar lemon na'a-na'a.
Piña Colada: ram da ruwan abarba da madarar kwakwa.
Margarita: tekila da lemon tsami, da gishiri a bakin kofi.
Screwdriver: bodka da ruwan lemon zaƙi. Tunda bodka ba ta da launi, ba za a bambanta shi da lemo zalla da ido ba.
Bloody Mary: bodka da ruwan tumatir da yaji.
Irish Coffee: gahawa da wiski.
Long Island Iced Tea: wannan ya fi kowanne yaudara. Sunansa shayi, amma babu ganyen shayi ko ɗaya. Bodka ne da jin da ram da tekila da wata barasar lemo, aka ɗiga kola don ya yi launin shayi.

Sai jan lemon da ɗan dattijonmu ya sha, wato Chapman, wanda a nan Nijeriya aka ƙirƙire shi. Ana haɗa shi da Fanta da Sprite da jan ruwan zaƙi da lemon tsami da kokwamba, kuma kowa na ɗaukarsa a matsayin lemon marasa sha. To amma yadda aka saba haɗa shi ana ɗiga Angostura, wani maganin ɗaci da wani likita Bajamushe, Johann Siegert, ya haɗa a 1824 a ƙasar Benezuwela don ciwon ciki. A jikin kwalbarsa an rubuta cewa kashi 44.7 cikin 100 barasa ce. Ɗigo kaɗan ake sawa, ba zai bugar da kowa ba, kuma wasu masu haɗawa ba sa sawa sam. A wasu wuraren kuma akan ƙara wata barasar a kai idan ba a hana ba. Hukuncin ɗigon nan na malamai ne, mun kuma roƙi limaminmu ya yi bayani a karatu mai zuwa. Abin da muka ji daga gare su tun yanzu shi ne wanda ya sha bisa rashin sani ba shi da laifi, don haka yaron ya kwantar da hankalinsa.

DAGA AKWATI ZUWA LEDA

Jin da a da sai mai manja ke sayen akwatinsa, yau yana cikin 'yar leda da kuɗinta bai kai na burodi ba, ta shiga aljihun ɗan makaranta. A tashoshin mota akwai masu tallar paraga, saiwoyi da ɓawon itace da aka jiƙa a ogogoro, ana cewa maganin basir ne ko ciwon baya ko ƙarin ƙarfi. Nan ne matasanmu masu acaɓa da dako da tura baro suka fi faɗawa. Yaron da ba zai taɓa shiga mashaya ba, zai tsaya ya sha wannan da sunan magani, tun yana yamutsa fuska har jiki ya saba. Haka kwalaben da ake rubuta wa bitas, da yawansu barasa ce mai ƙarfi aka zuba wa ganye.

Hukumar NAFDAC ta cimma yarjejeniya da masu kamfanoni a 2018 cewa za a daina zuba barasa a leda da ƙananan kwalabe da ba su kai mililita 200 ba, ta ba su shekara biyar. Da ta fara aiwatarwa a Fabrairun 2024, sai aka fito zanga-zanga ana maganar ayyukan yi da jarin da za a yi asara. Hujjar da aka kawo a 1909 ke nan, kuɗi a gefe guda, lafiyar talaka a ɗaya gefen.

ABIN DA MUKE ROƘO

Iyaye, a zauna da yara a karanta musu sunayen nan. Wanda zai je biki ya tambayi abin da ke cikin kofi kafin ya kai baki, kuma babu kunya a ce a haɗa maka Chapman ba tare da Angostura ba, ko ka karɓi lemon kwalba a buɗe a gabanka. A riƙa duba jikin kwalba ko gwangwani, duk inda aka ga lamba da alamar kashi cikin ɗari kusa da kalmar alkohol, to barasa ce, komai zanen 'ya'yan itacen da ke jiki. 'Yan mata su kula da kofinsu a wurin taro, kada a bar shi a tashi a dawo a sha.

Shugabannin 'yan acaɓa da sarakunan kasuwa a Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago, ku ja kunnen sababbin zuwa game da maganin tasha. Wanda ya riga ya faɗa ciki, a jawo shi jiki a kai shi asibiti, tozarta shi ba zai raba shi da leda ba. Maƙwabtanmu kuma da suke da al'adarsu a kan kwalba, mu ci gaba da zama da su lafiya kamar yadda iyayenmu fataken goro suka zauna da nasu iyayen.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba mu zaman lafiya a inda muke neman abinci. Amin.

Sakatare, a madadin shugabannin ƙungiya.